Daren da Ƙafar Motarmu Ta Karye a Bakin Kanal

 Na san wata za ta ga kan wannan rubutu ta ce yau kuma me ya haɗa kifi da kaska, me ya kawo zancen gareji cikin shafin iyali? Ki yi haƙuri uwargida, ki ɗan ba ni aron kunnenki. Ni ma a da haka nake, abin da na sani game da mota bai wuce in buɗe ƙofa in shiga in yi addu'ar tafiya ba. Sai da Allah Ya nuna mini wani dare a ƙarshen shekarar 2024, sannan na gane ashe ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar da nake zama ya shafe ni fiye da yadda ya shafi mai tuƙin.

Ni malamar firamare ce, na haura shekara 20 ina koyarwa, kuma ina taɓa sana'ar turara shinkafa kamar yawancin matan yankinmu. Muna zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Bunkure, a tsakiyar filayen noman rani. Wadda ba ta taɓa zuwa ba, ruwan da muke noma da shi daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Yana biyo manyan kanal-kanal, ya rarrabu cikin gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, Hukumar Hadejia-Jama'are ce ke kula da shi. Da damina shinkafa, da rani tumatir da alkama da albasa da masara. Alhamdu lillahi, ƙasa ce mai albarka. Sai dai hanyoyin da ke bin gefen kanal ɗin burji ne, kuma tarakta da manyan motocin ɗaukar kaya ba sa raga musu. Idan damina ta wuce sai ki ga hanya ta zama kunya-kunya kamar an yi huɗa, idan rani ya shigo kuma ga gargada ga ƙura.

Maigida yana da wata Golf doguwa wadda ya saya a 2015. Tsohuwa ce, don ta girmi 'yar farina, an daina ƙera irinta tun kafin shekarar 2000. A 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir ƙurmus, saura ƙiris ya sayar da ita, ni ce na hana. Dalilina kuwa, motar nan ita ce motar asibitin unguwarmu. Duk wadda naƙuda ta kama da tsakar dare, duk yaron da ya shiɗe, ƙofarmu ake bugawa. Ita ce kuma ke kai taki gona, ta kai kwandunan tumatir Kwanar Gafan, ta kwaso mini buhunan shanshera. Wannan na ƙarshe ki riƙe shi, zan dawo kansa.

Bayan damina ta ɗauke a waccan shekara, motar ta fara wani irin kuka daga gaba, ƙwas-ƙwas, duk sanda ta taka rami. Idan kuma ta hau tudu ta sauka sai ta yi ta rangaji kamar kwale-kwale. A lokacin 'yar tawa ta dawo gida goyon ciki, cikin fari, an ce watan haihuwarta Disamba. Ba zan faɗi sunanta ba, kun san dalili. Da na ga kwasar adashena ta zo, sai na ɗauka gaba ɗaya na kai wa Malam bayan sallar isha'i, na ce ga wannan a gyara ƙafar motar nan kafin yarinyar nan ta tashi. Ya yi godiya ƙwarai. Amma sai na ƙara da wata magana wadda har yau nake jin nauyinta. Na ce, "Malam, ka dai yi ciniki sosai, ka san halin kanikawa."

Kwana biyu aka dawo da mota. Na leƙa ta zaure na ga wasu ƙarafa baƙaƙe suna ƙyalli a bayan tayoyin gaba. Rangajin ya ragu. Malam ya ce mini an ma sami ragowa, ya cika ya sayi taki da man injin ban ruwa. Ki tuna tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, komai ya ninka, taki da fetur da kayan gyaran mota duk suka yi tashin gwauron zabi. Na ce madalla, har na yaba masa da iya ciniki.

Sai dai ƙwas-ƙwas ɗin nan bai tafi ba. Ranar da ya kai mu awo na ji shi da kunnena. Ba a yi sati uku ba kuma rangajin ya dawo, har na ga wani baƙin mai yana tsiyaya a jikin sabon ƙarfen. Na buɗe baki zan yi magana, sai zuciyata ta ce kar ki yi, zai ɗauka kina bin diddigin kuɗinki ne, zai zama gori. Sai na haɗiye.

Naƙudar ta tashi wajen ƙarfe ɗaya na dare, cikin tsananin hunturu. Ungozomar unguwa ta duba ta ce kwanciyar ɗan ba daidai take ba, a tafi asibiti yanzu-yanzu. Da a zamanin iyayenmu ne, uwa ko tsakar gida ba za ta fito ba a haihuwar 'yar fari. Ni dai na ajiye alkunya na zari mayafi. Gwaggon yara, wato ƙanwar Malam, ta riƙe ta a baya, ni ina gaba. Muka ɗauki hanyar gefen kanal don mu fita kwalta.

'Yar'uwa, idan kin taɓa naƙuda a cikin mota kin san abin da rami ɗaya yake nufi. Motar ta faɗa, ta tashi, ta sake faɗawa ita kaɗai har sau uku kafin ta nutsu. Duk faɗawa sai yarinyar ta kira sunan Allah ta ce, "Umma bayana!" Malam ya rage gudu har ya zama kamar tafiyar keke, kuma wannan rage gudun Allah Ya sa ya zama sanadin tsirarmu. Muna dab da wata 'yar gada sai muka ji gwaram! Gaban motar na ɓangarena ya durƙusa, sitiyari ya ƙwace, motar ta ja kanta zuwa dama tana kartar ƙasa, sannan ta tsaya cak. Da na tura ƙofa da ƙyar na haska fitilar waya, tayar ta kwanta waje kamar ƙafar akuyar da ta karye. Tsakaninmu da bakin kanal bai fi taku uku ba, ga shi cike da ruwa saboda lokacin ban ruwan alkama ne.

Ban taɓa ganin Malam yana rawar jiki ba sai ranar. Ya kira wannan, waya a kashe, ya kira wancan, ba a ɗauka. Muna nan wajen rabin awa, ni da Gwaggo mun tare yarinyar da zannuwanmu saboda iska, sai ga hasken wata a-kori-kura ta 'yan tumatir masu sammakon kasuwa. Bayin Allah nan ba su san mu ba, amma suka sauke kwanduna huɗu a bakin hanya, suka bar yaronsu yana gadi, suka sa mu a gaba. Asibitin farko aka ce sai dai Kano. Kafin a kira assalatu an shiga da ita tiyata. Allah cikin ikonSa aka ciro ɗa namiji, uwa da ɗa lafiya.

Kwana biyar muka yi a asibiti, kuma duk kwanakin nan da bakaniken nake kwana nake tashi a raina. Abin da ya ƙara mini zafi, ɗalibina ne. Na koyar da shi a aji huɗu, yaro ne da karatu bai karɓe shi ba, ya sha bulalata a kan jadawalin sau. Yanzu ya zama magidanci, yana da garejinsa a gindin wata darbejiya a bakin titin Bunkure, da yara uku masu koyon aiki. Na ce wato ni zai ci wa amana? Da muka dawo, washegarin suna, na roƙi izinin Malam na aika a kira shi. Malam ya yi shiru, sannan ya ce a kira shi ɗin, amma shi ma zai zauna.

Ya zo ya durƙusa a zaure, ya yi barka, hannunsa riƙe da wani ƙullin leda. Na ce, "Abin da za ka saka mini da shi ke nan?" Bai ɗaga kai ba. Sai Malam ya ce, "Malama, bar yaron nan, ba shi da laifi. Ni zan faɗa miki."

Ashe tun ranar farko da ya ɗaga motar a jak ya girgiza tayar, ya ce wa Malam abu biyu ne suka lalace: shokazoba, da kuma wani ɗan ƙarfe da suke kira boljoyin. Ya faɗi kuɗin masu kyau. Malam ya ga idan ya saya duka babu abin da zai rage na taki, ga tumatir yana jiran ban ruwa, ga hidimar suna tana tafe, kuma ya ji nauyin ya dawo ya ce mini kuɗina bai isa ba. Sai ya shiga birni da kansa, ya haɗu da wani mai talla da ya ce yana da Beljiyam a rabin kuɗi. Ya sayo shokazoba biyu, ya ce boljoyin kuma a lallaɓa shi zuwa bayan an sayar da tumatir.

Na juya ga yaron na ce, to kai da ka sani me ya hana ka ƙi ɗaurawa? Ya ce, "Malama, na kankare jikinsa da ƙusa na nuna wa Baba sabon fenti ne, na faɗa sau ɗaya. Da ya ce in ɗaura, ina ni ina musu da Baba? Da wani ne da na ce ya kai wani garejin."

A nan jikina ya yi sanyi. Mu uku ne zaune a zauren, kowannenmu ya san wani ɓangare na gaskiya ya yi shiru da shi. Shi girmamawa ta rufe masa baki, Malam nauyin iyali da jin kai irin na maza, ni kuma tsoron a ce na yi gori. Babu mugu a cikinmu, amma da motar ta ƙara taku uku, da shirun nan namu ya ci rai biyar har da na cikin ciki. Kunya ado ce, ban musa ba, da ita aka tarbiyyantar da mu kuma da ita nake tarbiyyar 'ya'yana. Amma ban ga adon da ke cikin ki ji ƙarfe yana kuka a ƙarƙashin mai ciki ki kama bakinki ba. Kuma kar in manta da nawa kason na farko, ni ce na ce a yi ciniki, ni ce na fara zargin bakanike tun bai taɓa motar ba.

Sai ya kwance ledar ya fito da abin da ya karye. Ɗan ƙarfe ne da bai fi dunƙulen hannun yaro ba. Daga nan fa ɗalibi ya zama malami. Ya ce boljoyin kansa kamar ƙwallo yake, yana zaune cikin kwasfa kamar yadda ƙashin cinya ke zaune a kwatangwalo, shi ne ke riƙe ƙasan taya yana barinta ta juya. Akwai roba da ta rufe shi da giris a ciki. Idan robar ta yage, ƙura da ruwan taɓo suka shiga, sai su yi ta cin ƙarfen har ya yi lako-lako. Ƙwas-ƙwas ɗin da nake ji ke nan. Ranar da ya gaji sai ƙwallon ya fice, taya ta kwanta.

Shi kuwa shokazoba, ashe ba shi ke ɗaukar nauyin mota ba, wannan aikin sifirin ne. Aikinsa shi ne ya hana sifirin ci gaba da tsalle bayan an taka rami. Bututu ne cike da mai, da sanda mai faifai a ciki, faifan yana da 'yan ƙananan ƙofofi, man yana ratsa su da ƙyar. Na ce kamar tace gasara mai kauri a mataci? Ya yi dariya ya ce haka ne Malama. Idan man ya zube, babu abin da zai riƙe tsallen. Taya sai ta riƙa barin ƙasa tana dawowa, birki ba zai kama da wuri ba, taya ta riƙa cinyewa gefe-gefe, kuma dukan da ya kamata shokazoba ya shanye sai ya sauka a kan boljoyin da bushin. Wato ruɓaɓɓen shokazoban da aka ɗaura shi ya ƙarasa boljoyin da dama yake jiran ƙiris. Ya nuna mana inda aka huda shi aka ɗura masa mai aka toshe, aka shafe da baƙin fenti. Ko Turai bai taɓa gani ba, a nan gida aka cire shi daga wata motar da ta gaji.

Na tambaye shi, to wanne ne na kirki? Ya ce kayan da ke kasuwa iri-iri ne. Akwai na kamfanin da ya ƙera motar, amma na tsohuwar mota irin tamu samunsa sabo da wuya, ga tsada. Akwai Beljiyam na gaskiya, wanda aka ciro daga motocin da suka tsufa a Turai. Sunan ya samo asali ne daga ƙasar Beljiyam, inda ake yi wa tsofaffin motoci lodi a jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas. Wani yakan yi ƙarko, amma sa'a ce, don ba wanda ya san tafiyar da ya riga ya yi, alhali masu ƙera shokazoba da kansu sukan ba da shawarar a canza shi idan ya yi wajen kilomita 80,000, a titi mai kyau ma ke nan. Sai kuma sababbi waɗanda wasu kamfanoni daban ke yi, ba kamfanin motar ba. A nan ne na sha mamaki, don ni a zatona duk abin da ba na kamfanin mota ba jabu ne. Ya ce a'a, irin su KYB na Japan da Sachs na Jamus, su ne ma ke yi wa kamfanonin motoci da dama tun a masana'anta, sannan su sayar da nasu a kwalinsu. Matsalar ita ce akwai marasa suna masu arha, akwai kuma masu buga kwalin manyan su zuba tarkace a ciki. Shi ya sa, in ji shi, wurin da ka saya ya fi sunan da ke jikin kwali muhimmanci.

A wannan karon ragon da nake kiwo don layya na sayar, Malam ya cika da kuɗin tumatirin farko. Muka yi magana a fili, ga abin da ke akwai, ga abin da gyara zai ci. Na haɗa bakaniken da ɗana na biyu suka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa, wurin wani mai shago da ya daɗe yana hulɗa da shi, wanda ke ba da rasit kuma yake karɓar kaya idan ba su yi ba. Suka sayo sababbin shokazoba na gaba guda biyu, da boljoyin biyu, da bushin. Na ce me ya sa biyu, ai ɗaya ne ya karye? Ya ce ƙafar mota kamar takalmi ce, ba a sa sabo a dama tsoho a hagu, in an yi haka motar za ta riƙa karkata.

Da yake an jawo motar ƙofar gida, a nan ya yi aikin, ni kuma ina daga cikin zaure a kan tabarma ina kallo, jikana a cinya. Abin da ya burge ni, yaron da na sani ba ya iya zama minti biyar a aji, yini guda ya yi a ƙarƙashin mota bai gaji ba. Ya kama sifirin da wani ƙarfe ya matse shi kafin ya kwance, ya kori yaran unguwa da suka yi cincirindo, ya ce idan ya ƙwace zai iya fasa kan mutum. Kafin ya ɗaura kowane shokazoba sai ya tsayar da shi ya danna ya ja sau da yawa. Ƙusoshin bushin kuma bai ƙarasa ɗaure su ba sai da ya sauke motar ta tsaya da ƙafarta, ya ce idan aka ɗaure tana rataye robar za ta murɗe ta yage da wuri. Da ya gama ya danna gaban motar da ƙarfi ya saki, ta tashi sau ɗaya ta tsaya. Ya ce, "Malama, wannan gwajin ko ke za ki iya." Sannan ya ce lallai gobe a kai ta Kano a yi mata saitin ƙafa a kan na'ura, don shi ba shi da ita, kuma a dawo masa da ita bayan sati ya sake bin ƙusoshin. Tsofaffin kayan ya tattara a buhu ya miƙa wa ɗana.

Wani abokin Malam da ya tsaya kallo ya kawo shawarar a cusa robar tsohuwar taya cikin sifirin na baya, ko a sa na wata babbar mota, don ta ɗaga ta ƙara ɗaukar kaya, wai haka 'yan haya ke yi. Na zuba ido in ga abin da yaron zai ce, don mutumin sa'an mahaifinsa ne. Ya goge hannu ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan yi ba. Ɗaga ta ba ya ƙara wa birki da boljoyin ƙarfi." Ya ce duk abin da aka yarda motar ta ɗauka, da mutane da kaya, wajen kilo 500 ne. Buhun taki ɗaya kilo 50 ne, na shanshera ya fi haka nauyi. Sai ya ɗan saci kallon zaure ya ce, "Ranar nan kuma buhu takwas na ƙirga ana saukewa a ƙofar gidan nan." Malam ya fashe da dariya, dariyar farko da na ji ya yi tun daren nan. Buhunan nawa ne. Tun daga ranar kurkura nake ɗauka haya ta kwaso mini, kuɗinta na fita daga ribar shinkafa.

Da mai jego ta yi arba'in muka shirya mayar da ita ɗakinta a Kura. Kun san gara, ga buhun shinkafa, ga na masara, ga jarkar mai, ga dubulan da alkaki a manyan kwanuka. Samari suka yi ta cusawa a bayan mota. Malam ya fito ya zagaya, ya duba yadda bayan ya sauka, ya ƙirga mu, mu huɗu manya da jariri. Da hannunsa ya sauke buhu biyu da jarkar, ya ce su biyo mu a kurkura.

Hanyar gefen kanal muka sake bi. Alkama ta fitar da kai, iska na kaɗa ta. Da muka zo 'yar gadar nan Gwaggo ta taɓa kafaɗata ta nuna mini, har lokacin sawun kartar yana nan a jikin burjin. Malam ya rage gudu bai ce komai ba. Na waiwaya baya, yaron yana ta barcinsa a ƙirjin uwarsa.

"Kin ji wani ƙara?" in ji Malam.

Na kasa kunne sosai, sannan na ce, "Akwai wani ɗan kas-kas daga baya."

Ya taka birki nan take ya fita ya buɗe but. Murfin kwanon alkaki ne bai rufu da kyau ba.